Yadda ake zaɓen tiyo da mahaɗai don haɗa zoɓo da kunun aya a gida

Duk mai sana'ar zoɓo ko kunun aya, akwai ranar da kasuwa za ta fi ƙarfin moɗa da mazurari. Lokacin da kike dafa lita 10, ɗiba da hannu ba wani aiki ba ne. Amma da zarar an kai tukunyar lita 50 ko 80, ga odar biki, ga azumi ya kama, sai ɗaga tukunya mai tafasa ya zama kasada, cika gorina kuma ya cinye yini guda. A nan ne ake fara tunanin huda tukunya a sa mata famfo, a ja tiyo zuwa matata, wato abin tacewa, daga can zuwa robar da zai huce, sannan zuwa gorina.

Dabara ce mai kyau, ina kuma ba da shawarar a yi ta. Inda matsalar take shi ne yadda aka saba yi: a aiki yaro kasuwa ya sayo kan famfo irin na banɗaki da tiyon ban ruwa, a kira mai aikin famfo ya ɗaura. Abu na zubowa, babu yoyo, kowa ya ce aiki ya yi. Alhali waɗannan kayan domin ruwan famfo mai sanyi aka ƙera su. Zoɓo kuwa ga zafi, ga tsami, ga sukari, kuma cikin mutane zai shiga, yawanci ma yara 'yan makaranta. Don haka ki bi matakan nan kafin ki kashe ko sisi.

Mataki na farko: zana hanyar da abin shan zai bi

Ki ɗauki takarda ki zana tun daga tukunya har bakin gora. Duk inda abu biyu suka haɗu, ki sa alama: tukunya da famfo, famfo da tiyo, tiyo da matata, da sauransu. Sannan ki raba zanen gida uku. Akwai ɓangaren zafi, wato daga tukunya har inda zai huce. Akwai ɓangaren sanyi, daga robar ajiya zuwa gora. Na uku shi ne ɓangaren ruwa zalla, wanda ke kawo ruwan dahuwa da na wanki, ba ya taɓa abin sha.

Bayan kin ƙirga mahaɗan, ki duba wanne za a iya cirewa. Kowane mahaɗi kuɗi ne, wurin yoyo ne, kuma maɓoyar datti ce. Idan kika ɗora tukunya a kan murhu mai tsayi, robar da ake tacewa a ciki tana ƙasa da ita, abin zai gangaro da kansa ba sai da injin turo ruwa ba, kin kuma rage mahaɗai uku ko huɗu a tashi ɗaya.

Mataki na biyu: san tsamin abin da kike haɗawa

Ana auna tsami da ma'aunin da ake kira pH. Ruwa mai kyau yana wajen 7, kuma gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon ƙarfin tsamin. Zoɓo yana tsakanin 2.5 da 3 da ɗoriya, kusan sahu ɗaya da lemon kwalba. Ruwan tsamiya ma yana nan kusa. Nono da yogot suna wajen 4 zuwa 4.5. Kunun aya sabon tatawa yana wajen 6 ko sama kaɗan, sai dai yana fara sauka da zarar ya soma juyawa.

Abin da wannan ke nufi a aikace: zoɓo da tsamiya su ne ke cin ƙarfe, don haka a wajensu irin ƙarfen ne abin lura. Kunun aya bai cika cin ƙarfe ba, amma ƙwayoyin cuta na son sa ƙwarai, ga maiƙo ga gari mai kwanciya a lungu. A wajensa abin lura shi ne ko mahaɗin yana buɗuwa a wanke cikinsa. Wasu na jefa 'yar kanwa a zoɓo don ta kashe tsami. Tana ragewa, amma kada ki dogara da ita ki ce yanzu kowane ƙarfe ma ya yi.

Mataki na uku: zaɓen ƙarfe

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake yin kuskuren da ba ya nunawa a ido.

Mafi yawan kawunan famfo da mahaɗan da ke shagunan kayan famfo na tagulla ne, ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa. Haɗin jan ƙarfe ne da zink, kuma masu ƙera shi kan zuba masa dalma kaɗan don ya yi sauƙin yankawa a inji. Irin wanda aka fi yin ƙananan mahaɗai da shi yana ɗauke da dalma wajen kashi 3 cikin 100. A Amurka, tun daga watan Janairun 2014 doka ta ce kayan famfon ruwan sha kada dalmar da ke fuskar da ruwa ke taɓawa ta wuce kashi 0.25 cikin 100. Mu kuwa abin da ke zuwa kasuwanninmu galibi babu wata takarda ko tambari da ke nuna abin da ke cikinsa.

Idan abu mai tsami ya zauna a kan tagulla, musamman da zafi, yana narkar da jan ƙarfen da zink ɗin da dalmar zuwa cikin abin sha. Jan ƙarfe da zink idan sun yi yawa suna sa tashin zuciya da amai, kuma sau da yawa ana jin ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Dalma ita ce mai ban tsoro, don ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, taruwa take yi a jiki a hankali, ta fi kuma illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara da abin da ke cikin mai juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da aka sani ba ya cutarwa. Mutanen arewa ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, domin a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Abin da mahaɗi ɗaya zai saki bai kai ko kusa da wancan ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Amma yaron da ke sayen gorarki kullum a ƙofar makaranta, kullum ɗin yake sha.

Akwai wani abu da zai iya rikita ki idan kina bincike a intanet. Yawancin bayanan da ake samu kan tiyo da mahaɗan tukunya, masu haɗa giya a gida a Amurka da Turai ne suka rubuta su, kayan ma domin su ake tallatawa. Da yawansu za su ce tagulla ba ta da laifi. Suna da dalilinsu: ruwan hatsin da suke dafawa tsaminsa wajen 5.2 ne kawai, kuma yis ɗin da ke aiki a cikinsa daga baya yana tsotse jan ƙarfen da ya narke. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ta hana jan ƙarfe da tagulla taɓa duk abin da pH ɗinsa bai kai 6 ba, ta ware musu wancan matakin na aikinsu. Zoɓo bai shiga cikin wannan rangwamen ba. Tsaminsa ya ninka nasu nesa ba kusa ba, kuma babu abin da zai tsotse ƙarfen kafin a sha. Haka nan dabararsu ta jiƙa tagulla a cikin ruwan binega da wani sinadari don a cire dalmar da ke sama-sama, ba ta yi miki ba, domin tsamin zoɓo zai ci gaba da cin ƙarfen ya tono sabuwa. Murɗaɗɗen bututun jan ƙarfen da suke tsomawa a tukunya don sanyayawa shi ma kada ki kwaikwaya. Idan kina son irinsa, ki nemi na sitenlas, ko ki girke tukunyar a cikin baho mai ruwa da ƙanƙara.

Tagulla tana da wurinta: ɓangaren ruwa zalla. Can ma idan kika sami mai tambarin cewa ba dalma, ya fi.

Sai fayif da mahaɗan GI, wato baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da zink, irin na tsohon bokitin ƙarfe. Wannan bai dace da zoɓo ba ko na minti ɗaya. Tsami na wanke zink ɗin cikin sauri, daga nan kuma sai tsatsa. Haka kawunan famfo masu arha da ake zubawa da haɗin zink, waɗanda in sun faɗi suke karyewa a ga cikinsu toka-toka.

Alminiyum ba ya son tsami. Yana yin ƙananan ramuka, yana kuma dusashe jan zoɓo. Sannan tukwanen zubi da ake yi da tarkacen ƙarafa suna da tasu matsalar: wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Idan har za ki kashe kuɗi a kan mahaɗi mai kyau, kada ki ɗaura shi a jikin irin wannan tukunya.

Abin da ya rage shi ne sitenlas, ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma shi ne amsar duk inda abin sha zai taɓa. Sai dai shi ma hawa-hawa ne. Lamba 304 ita ce ta kayan abinci, tana da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, shi ya sa wani lokaci za ki ga an rubuta 18/8. Lamba 316 an ƙara mata wani ƙarfe da ke sa ta fi jure gishiri da bilic, ta kuma fi tsada. Ga zoɓo da kunun aya 304 ta wadatar, ba sai kin wahalar da aljihu ba. Wadda za ki guje wa ita ce 201, wadda aka rage wa nikel don a sauke farashi. Tana ƙyalli kamar sauran, amma bayan 'yan watanni da tsami sai ki ga ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin tiredi, wato haƙoran da ake murɗa mahaɗi da su.

Mataki na huɗu: yadda za ki gane su a kasuwa

A kasuwar kayan gini, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, duk abin da ke ƙyalli fari ana iya ce miki silba ne. Mai shagon ma ba lallai ya san bambancin ba, yadda aka kawo masa haka yake sayarwa. Don haka ki tafi da ƙaramin magagari da maganaɗisu da tocila.

Ki fara duba jikin mahaɗin. Na kirki yawanci an buga masa 304 ko 316 a jiki, wani lokaci CF8 ko CF8M, waɗanda su ne lambobinsu idan na zubi ne. Sannan ki haska cikinsa. Tagullar da aka shafa wa farin ƙarfe a waje sau da yawa cikin ramin da gindin tiredi suna nan da ruwan ɗorawarsu. Idan ba ki gamsu ba, ki sayi guda ɗaya, ki goga magagari a gefen da ba ya aiki. Idan ɗorawa ta leƙo, tagulla ce. Idan fari ne har ciki kuma yana da taurin gogawa, sitenlas ne. Idan ya gogu cikin sauƙi yana ba da gari mai toka-toka, haɗin zink ne.

Maganaɗisu yana taimakawa amma ba ya yanke hukunci. Idan ya manne gam, baƙin ƙarfe ne da aka shafe ko wani sitenlas mai rahusa, ki ajiye. Idan bai kama ba ko ya ɗan ja kaɗan, zai iya zama 304, zai kuma iya zama 201 ko tagulla, domin su ma ba ya kama su. Shi ya sa ake haɗa gwajin uku. Kuma sau da yawa za ki fi dacewa a wajen masu sayar da kayan masana'antar ruwan leda da na yogot fiye da shagon kayan banɗaki.

Mataki na biyar: zaɓen tiyo

Ɓangaren zafi abu ɗaya nake ba da shawara: tiyon silikon na abinci. Yana jure zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin salshiyos, wato tafasasshen zoɓo mai digiri 100 ba ya yi masa komai. Ana iya jefa shi a tukunya a tafasa shi don kashe ƙwayoyin cuta, ba ya taurarewa, kuma ana hango abin da ke gudana a ciki. Ki nemi mai faɗin ciki rabin inci, wato milimita 12.7, mai kaurin jiki wajen milimita 3. Siririn jiki yana lanƙwashewa ya toshe hanya idan ya ɗauki zafi. Rauninsa biyu ne. Ba ya son matsin ruwa mai ƙarfi, yana kumbura. Sannan yana riƙe launi da ƙamshi: bayan 'yan dahuwa zai koma ja, ya ɗauki ƙamshin citta da kanumfari. Wannan ba lalacewa ba ce, amma ki ware wa kunun aya nasa tiyon daban, in ba haka ba masu saye za su ji zoɓo a cikin kununsu.

Tiyon roba garai-garai na PVC, wanda magina ke auna daidaiton gini da irinsa, shi ne aka fi samu, shi ne kuma ya fi arha. Daga digiri 60 zuwa 70 yake fara yin laushi, yana iya zamewa daga mahaɗi ya watsa wa mutum tafasasshen ruwa a ƙafa. Da zafi kuma yana sakin sinadaran da aka sa masa don ya yi taushi. Idan an rubuta a jikinsa cewa na abinci ne, za ki iya amfani da shi a ɓangaren sanyi kawai. Farin tiyon nan mai ɗan tauri da ake gani a jikin na'urar tace ruwan sha shi ma ya dace da ɓangaren sanyi. Don cika gora, mai faɗin milimita 9 zuwa 10 ya fi daɗin sarrafawa, ba ya ambaliya.

Tiyon ban ruwan lambu, tiyon gas, tiyon mota, da duk tiyon da aka taɓa amfani da shi ba ki san a ina ba, babu ɗayansu da zai taɓa abin sha. Warin robar da ke fita daga ruwan da ya kwana a tiyon lambu cikin rana ya isa shaida.

Idan mahaɗi ko famfon roba za ki sa a ɓangaren sanyi, ki duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku. Lamba 5, wato PP, da lamba 2, wato HDPE, suna jure tsami sosai, kuma sun fi tagulla dacewa da zoɓo nesa ba kusa ba. Gorinan da ake zuba abin sha kuwa lamba 1 ne, suna motsewa daga wajen digiri 70, don haka sai ya huce ake cikawa.

Kada ki manta da 'yan zobban robar da ke hana yoyo. Baƙar washa ta famfon gida ba a yi ta don zafi da abinci ba. Ki nemi ta silikon ko ta EPDM, wata irin roba mai jure zafi, ki sayi 'yan ƙari ki ajiye, domin su ne ke fara gajiya.

Mataki na shida: wane irin mahaɗi, wane irin tiredi

Mafi sauƙi shi ne bakin tiyo mai gaɓa-gaɓa, wanda ake tura tiyo a kansa a ɗaure da kilif. Arha ne, yana kuma aiki. Aibinsa shi ne ƙiwar cirewa, sai a bar shi wata da watanni, ruwan sukari na shiga tsakanin tiyo da ƙarfe yana yin baƙi.

Wanda na fi so ga mai aiki a gida shi ne kamlok. Namiji da mace ne, macen tana da hannaye biyu da ake dannawa su kulle. Cikin daƙiƙa kaɗan an cire tiyo an kai wanki, ba sifana ba komai. Ana bambanta su da haruffa. Abin da za ki fi bukata shi ne F, namiji mai tiredi, wanda ake murɗawa a bakin famfon tukunya, da C, mace mai bakin tiyo, wadda ke zama a kan tiyon. Ki lura, ana yin kamlok da alminiyum da tagulla ma, kuma su ne suka fi yawa wajen masu kayan tankar mai. Na 304 kike nema. Hannayen suna ɗaukar zafi sosai, ki riƙa kamawa da tsumma.

Akwai kuma irin na masana'antun madara, mai faifai biyu da zoben roba a tsakani da maɗauri a waje. Ba shi da tiredi ko kaɗan a inda abin sha ke bi, don haka babu wanda ya kai shi tsafta. Yana da tsada, kuma yawanci sai an yi walda. Idan kunun aya ne ko yogot babbar sana'arki, kina kuma shirin neman rajistar NAFDAC nan gaba, ya cancanci a yi tanadinsa.

Batun tiredi kuma yana ɓata wa mutane kuɗi. Iri biyu ne aka fi amfani da su a duniya: BSP na Ingila, wanda shi ne a kasuwanninmu, da NPT na Amurka. A girman rabin inci dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, saboda haka suna fara shiga juna kamar sun dace. Amma kusurwar haƙoran ta bambanta, ɗaya digiri 55 ɗaya 60, sai ki ɗaure iya ƙarfinki yana ta ɗiga. Idan za ki yi oda ta intanet, ki tabbatar an rubuta BSP, ko kuwa ki sayi duka saitin iri ɗaya a wuri ɗaya.

Famfon tukunya kuma ki sa mai ƙwallo a ciki, wanda ake buɗewa da juya hannu sau ɗaya. Ki nemi mai gida uku da ake kwancewa da noti huɗu. Dalili shi ne akwai ɗan fili a bayan ƙwallon da ruwa ke maƙalewa, wankin waje ba ya isa wurin. Duk wanda ya taɓa kwance irin wannan famfo bayan wata guda na kunun aya ya san abin da ake tararwa: wani farin kitse mai yauƙi, gefensa ya yi baƙi, warinsa kamar na nonon da ya kwana uku. Ta kansa kowace sabuwar tatawa ke bi, sannan a yi ta mamakin yadda kunu ke lalacewa tun kafin la'asar duk da ƙanƙara.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

Ramin mahaɗin rabin inci yana kai milimita 21 zuwa 22. A huda shi sama da gindin tukunya da kamar santimita 4 ko 5, inda jikin ya miƙe, don noti ya zauna daidai, tukuɗin zoɓo da citta kuma su kwanta a ƙasa. Mai hudawa ya tafi a hankali yana ɗiga mai, domin sitenlas yana ƙara tauri idan ya yi zafi. Bayan nan a goge kaifin bakin ramin sarai, in ba haka ba zai yanka zoben roba.

Akwai mahaɗin da ba ya bukatar walda: guntun fayif mai tiredi, zoben silikon, washar sitenlas da noti. Ki ɗaure da hannu, sannan ki ƙara kaɗan da sifana. Yawan matsewa yana fitar da zoben gefe, ya jawo yoyon da ake gudu. Idan walda kika zaɓa, ta argon ce ta dace da sitenlas. Waldar ƙofa da taga za ta bar miki gurɓi mai tsatsa a cikin tukunya. Lanƙin dalma irin na masu gyaran bokiti da fitila kuwa kada ya kusanci tukunyar ko kaɗan.

Kowane tiredi a naɗa masa farin tef na masu aikin famfo, zagaye huɗu ko biyar, ta ɓangaren da ake murɗawa, a bar haƙori na farko a buɗe don kada guntun tef ya faɗa cikin abin sha. A sitenlas tef ɗin yana da aiki na biyu: yana hana ƙarfen biyu cije juna su ƙi kwancewa. Kada a yarda a shafa fenti ko gam a tiredi. Kilif ɗin tiyo ma ya zama na sitenlas, a ɗaure shi daidai yadda tiyo ba zai juya ba, don silikon yana da taushi, kilif na iya yanka shi.

Mataki na takwas: wankin farko da gwaji

Sabbin mahaɗai suna zuwa da man inji. Ki wanke su da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ki goge da farin ƙyalle har ya daina yin baƙi. Sannan ki jiƙa su rabin awa a ruwan ɗumi da aka narkar da garin sitirik asid, wanda masu sayar da kayan lemo ke da shi, kamar giram 50 a lita ɗaya. Ki ɗauraye ki bar su su bushe a iska. Wannan yana cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga fuskar sitenlas, ya ƙara masa juriya.

Ki haɗa komai, ki cika tukunya da ruwa zalla, ki shimfiɗa takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi. Idan babu ɗigo, ki tafasa ruwan ki sake dubawa, domin wani yoyon sai da zafi yake fitowa. Ki bar ruwan zafin ya bi ta tiyo, ki tari kofi ɗaya, ya huce, ki shinshina ki ɗanɗana. Idan kin ji roba ko ƙarfe, akwai abin da ba na abinci ba a layin, ki nemo shi tun kafin ki zuba kayan kuɗi.

Wankin yau da kullum kuma kada ya jira. Ana gama aiki a cire tiyo, a ɗauraye kafin sukari ya bushe, a zura dogon buroshi, a buɗe famfo rabi-rabi ana wankewa don ruwa ya shiga bayan ƙwallon. Sitenlas da silikon tafasawa ta minti 10 zuwa 15 ta ishe su. Bilic yana huda sitenlas idan aka bar shi ya jiƙu a ciki, don haka ki bar shi ga kayan roba: babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, 'yan mintuna, sannan ɗauraya sosai. Kada bilic ya haɗu da ragowar zoɓo ko sitirik asid, haɗuwarsu na fitar da iska mai guba. Soson ƙarfe ma ki nisanta shi da sitenlas, yana barin ƙwayoyin baƙin ƙarfe da ke zama tsatsa. Tiyo a rataye shi baki biyu suna kallon ƙasa har ya bushe. Duk ranar da kika ga baƙin ɗigo a cikinsa wanda buroshi da tafasa ba su fitar ba, ki sauya shi.

Idan jari bai kai ba

Ba dole ne a sayi komai rana ɗaya ba. Abin da ba a sassauta masa shi ne ɓangaren zafi: mahaɗin tukunya ɗaya na 304, famfo ɗaya na 304, bakin tiyo ɗaya, da mita ɗaya da rabi na silikon. Ɓangaren sanyi robar abinci mai lamba 2 ko 5 da famfonta na roba sun isa a fara da su, kamlok kuma ya biyo baya idan ciniki ya buɗe. Idan ko na ɓangaren zafin bai samu ba tukuna, ki ci gaba da ɗiba da moɗar sitenlas, ki bar zoɓon ya huce a tukunya, sannan ki juye shi a robar da ke da famfon roba ki cika gorinanki daga can.